Kukan da Na Yi a Makokin Mutumin da Ban Sani Ba

Na karanta tarihi, na kuma koyar da shi, don haka ina da hurumin in faɗi wannan da babbar murya: babu abin da ya kai wurin zama hatsari a rayuwar ɗan Adam. Dauloli sun rushe saboda an zaunar da wani inda bai dace ba. Zumunci ya yanke saboda an ba wani kujera an bar wani a benci. Ni kuwa tawa daular a kan tabarmar leda ta faɗi, a ƙofar wani gida a Safana, da hantsi, gaban jama'a. Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, kuma Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina.

A lokacin na daɗe ba ni da aiki. Makarantar kuɗin da nake koyarwa a Batsari ta rufe, don iyayen yara masu ɗan hali sun kwashe iyalansu sun koma Katsina saboda rashin kwanciyar hankalin yankinmu. Mai makarantar ya tara mu ya yi mana doguwar addu'a, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya bi su. Gonar da mahaifina ya bari tana can cikin daji, inda ba mai zuwa yanzu sai wanda ya gaji da ransa. Sai na zama mutum mai takardu, mai tabarau, mai ra'ayi mai ƙarfi a kan dalilan faɗuwar daular Mali, wanda ba ya iya sayen gishiri.

Matata Saude, 'yar Safana, ita ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun da sassafe za ka ji ƙamshin suyar gyaɗa, a kai inji a markaɗo, ta zauna tana juya tunkuza har mai ya taso. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi, don gori ana iya mayar masa da martani, a yi faɗa, a huce. Ita sai dai ta ajiye mini tuwo, ta ɗan koma gefe ta zauna, ta ce, "Baban Ummi, me ke damunka?" Ni kuma in ce, "Ba komai."

Na daina zuwa majalisa saboda tambayar nan ta "Malam, har yanzu shiru?" Na koma yin salla a masallacin wata unguwa inda ba a san ni sosai ba. Sauran lokacin ina ɗaki a kwance, fuskata na kallon bango, har na haddace duk tsagewar da ke jikinsa (akwai wata da ta yi kama da kogin Kwara, har da inda Binuwai ke shigowa). 'Yarmu Ummi, wadda da ba ta tafiya sai da gudu, ta koyi sanɗa in za ta wuce ta ƙofar ɗakina. Ba wanda ya koya mata.

Na yi ta faɗin "ba komai" har Saude ta daina tambaya. Wata safiya tana tace mai, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "In an gama girbi zan je gida in ɗan huta, ni da Ummi."

Na ce, "To."

Sai da na koma na kwanta na lura ba ta ambaci ranar dawowa ba. An riga an yanke gero, dawa kaɗai ta rage a tsaye, ita ma ta fara sunkuyar da kai. A lissafina na malamin makaranta, matsalar a fili take: in samu aiki kafin dawa ta shiga rumbu, ko in wayi gari ni kaɗai da bangona.

Ana cikin haka sai ga Lawwali, abokina tun firamare, ɗan acaba, mutumin da labarin kowa ke hawa bayan babur ɗinsa kyauta. Ya tsaya a ƙofar gida yana danna ham.

"Farfesa, fito! Arziki ya zo maka har gida. An yi mutuwa a Safana."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya rasu?"

"Yayan Alhaji. Alhajin nan dai na sashen ilimi, wanda in ya sa hannu an ɗauke ka an gama. Ofis ɗin shi ba ka isa ka shiga ba, masinjan shi ma ya fi ƙarfinka. Amma wurin makoki ba mai gadi. Gobe sadakar uku, yana nan zaune bisa tabarma kamar kowa. Ka je ka yi gaisuwa. Kar ka yi maganar aiki, kai dai ka bari ya ga fuskarka."

"Lawwali, ta'aziyya fa ibada ce."

"To ka je ka yi ibadar mana, wa ya hana ka? Lada biyu ke nan, ɗaya a can, ɗaya a nan."

Na yi ta ja da shi a kan fiƙihun abin, amma washegari ni na riga shi shiri. Na fiddo babbar rigar aurena, wadda a ranar ɗaurin aure ta zauna mini cif, yanzu kuwa sai ka ce an rataye ta a ƙusa. Na ce wa Saude zan je ta'aziyya Safana.

"Gidan wa?"

"Ba ki san su ba."

(Ka ji wauta. Ka ce wa 'yar Safana ba ta san wani gida a Safana ba.) Ta dube ni, ta dubi rigar, ta koma kan tunkuzarta. Duk wannan shiri da na yi, abu ɗaya ban tambayi Lawwali ba: sunan mamacin.

Lawwali ya sauke ni a bakin layin ya wuce tasha neman fasinja. Tsarin wurin shi ne wanda kowa ya sani. 'Yan'uwa da 'ya'yan mamaci, masu karɓar gaisuwa, sun jeru sun jingina da katangar gidan, a cikin inuwar rumfa. Masu zuwa gaisuwa su zauna daura da su, a yi addu'a a shafa, sannan su bi layi suna miƙa hannu, su kama gabansu. Na yi duk wannan yadda ya kamata. Da na iso gaban Alhaji, wani dattijo mai furfura da zoben azurfa, na rusuna, na saita fuskata sosai domin ya gan ta. Hannunsa ya gaisa da ni, idonsa kuwa yana kan wani mai mota da ya tsaya a bayana.

A nan ne mai hankali zai tafi gida. Ni sai na koma bakin tabarma, cikin rana, na zauna ina jiran wata dama. Rana ta dake ni har na fara jin ƙamshin sitacin rigata. Can sai wayar wani daga cikin 'ya'yan mamacin ta yi ƙara, ya tashi ya zaga bayan gida yana amsawa. Ya bar gurbi a jikin katanga, cikin inuwa, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji.

Na ce wa raina inuwa nake nema. Na ja gindi a hankali, na ƙara ja, na tsinci kaina a gurbin.

Ban gama gyara zama ba sai ga wata akori-kura ta tsaya, cike da mutanen ƙauyen Karare. Suka diro, suka zauna, aka yi salati aka yi addu'a aka shafa, suka miƙe suka kama layi. Sai a lokacin na ga abin da na yi. Ina cikin sahun masu karɓar gaisuwa. Na farkonsu ya gama da Alhaji, ya miƙo mini hannu.

"Ya haƙuri?"

Hanya biyu ce a gabana. In miƙe da babbar riga a tsakiyar gaisuwa in sanar wa duniya cewa ni ɗan kutse ne, ko in amsa. Na sunkuyar da kai na ce, "Haƙuri mun gode Allah." Na biyu ya zo, na amsa. Na uku ya zo har na ƙara da "Allah shi ba da lada." Na fara ƙwarewa, har ina jin cewa in wannan aiki ne da an ɗauke ni.

Sai ga wani ɗan tsoho a ƙarshen layi, da tsohon rawani, idonsa ɗaya ya yi yana, tafin hannunsa kamar ƙotar fartanya. Bai miƙo hannu ɗaya kamar sauran ba. Ya durƙusa a gabana, ya kama hannayena duka biyu, ya matso da fuskarsa yana dubana da idon da ya rage masa.

"Wanga yaro, ya haƙuri?"

"Mun gode Allah, Baba."

Bai sake ni ba.

"A'a. Kai abin ya ci ka. Dubi wuyanka cikin riga. Ba ka cin abinci, ba ka barci. Ko ƙarya nike?"

Na buɗe baki zan ba shi amsar da na saba bayarwa a gida, ya girgiza kai.

"Kar ka ce mani komi, na sani. Mutum shi wayi gari abin da ya jingina da shi babu, ga iyali na kallo nai, shi ko bai san inda za shi sa kai ba. Na sani, ɗana. Ba laifinka ba ne. Allah ne ya yi, kuma bai mance da kai ba."

Shi dai tsohon nan maraya yake lallashi. Amma tun ranar da aka sa wa makarantarmu kwaɗo ba wanda ya ce mini ba laifina ba ne, ni ma ban taɓa ce wa kaina ba. Na ji kuka ya taso mini daga ciki. Na yi ƙoƙarin haɗiye shi, ya ƙi. Ya fito da wata ƙara irin ta injin markaɗe in ana ta ja ya ƙi tashi, sannan ya tashi.

Mai karatu ya san maza ba sa kuka a wurin makoki. Iyaka mutum ya goge gefen ido da bakin rawani, a yi kamar ba a gani ba. 'Ya'yan mamacin na cikinsa suna zaune idonsu ƙamas. Ni kuwa, malamin tarihi, na ɗora goshina a kan hannun wani manomi da ban taɓa gani ba ina rusa kuka har da shessheƙa, tabarau ya yi hazo, hanci ya shiga aikin shi ma. Na yi wa makaranta, na yi wa gona, na yi wa sanɗar Ummi, na yi wa tabon mai da ke bayan hannun Saude wanda kullum nake yin kamar ban gani ba. Wani ya ce, "Haba bawan Allah, addu'a yake buƙata, ba kuka ba." Tsohon ya daka masa harara, yana bubbuga bayana: "Ƙyale shi. Yi abinka, ɗana, yi."

Da na ɗago, wanda ya tafi amsa waya ya dawo, yana tsaye a kaina da wayar a hannu, yana kallon baƙon da ya gaje masa wuri kuma ya fi shi jin mutuwar ubansa. Alhaji kuwa ya juyo gaba ɗaya ya zuba mini ido. Burina ya cika. Ya ga fuskata.

Raɗa ta fara zagaya tabarma: "Ɗan wane ne?" Alhaji ya miƙe, ya taɓa kafaɗata, ya yafito babban ɗan marigayin, wani ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, suka shiga da ni zaure. Aka ba ni ruwa a kofin silba.

"Sannu, samari," in ji Alhaji, da murya mai taushi. "Daga ina kake?"

"Batsari, ranka shi daɗe."

Suka dubi juna. (Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, marigayin dillalin shanu ne, ya shafe shekaru yana kwana a Batsari duk ranar kasuwa, kuma mutum ne da in zai yi aure ba ya shawara da kowa.)

"Mahaifiyarka na da rai?"

"Tana nan, ranka shi daɗe."

"Mahaifinka fa?"

"Ya rasu," na ce. Gaskiya ce, tun ina sakandare. Amma ambatonsa a wannan hali sai ya sake ɓalle mini wani sabon kukan.

Babban ɗan ya cire hula ya zauna a ƙasa daɓas. "Baffa," ya ce da muryar wanda aka yi wa sata, "dubi goshin shi. Goshin Baba ne sak."

"Ba abin ɓoyo ba ne, ɗana," in ji Alhaji. "In dai akwai shaidun auren, haƙƙinka ba mai taɓa shi. Gonakin ba a raba su ba tukuna."

Sai a nan na fahimci inda aka dosa da ni, da kuma inda aka dosa da mahaifiyata, baiwar Allah da ke can tana jan carbinta ba ta san an aurar da ita ba. (Tunda na ɗauki alƙawarin faɗin gaskiya: da na ji an ambaci gonaki, akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya tambaya, a hankali, ko suna kusa da gari.)

Labari ya riga ya shiga cikin gida wurin mata, don ina jiyo hayaniya, har da muryar wata tana cewa, "Dama na sani! Wallahi dama na sani!" Sai labulen ƙofar ciki ya ɗaga, wata mata ta fito riƙe da bokitin kunu, wai za ta miƙa wa maza, alhali kallon ɗan Batsari ta fito yi. Gwaggo Lanti ce, ƙanwar mahaifin Saude. Ashe maƙwabciyar gidan ce, tun asuba tana ciki tana taya su tuyar waina.

Ta ajiye bokitin ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Wannan ai mijin Saudenmu ne! Malam, mi ya kawo ka nan?" Ta juya wurin Alhaji. "Alhaji, kwantar da hankalinka. Na san uwar shi, na san uban shi, da ni aka kai amarya gidansu. Shi ne wanda bai da aikin nan."

Gwaggo Lanti ba ta iya magana a hankali ba. Na tabbata har mutanen Karare da ke waje sun ji. Wanda bai da aikin nan. Haka ta faɗe shi, kamar wata sarauta da aka naɗa ni tun tuni, kowa a dangi ya sani, ni kaɗai ba a gayyata bikin ba.

Babban ɗan ya mayar da hularsa, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Wannan ne karo na farko da wani ya gode wa Allah a kan rashin aikina.

"To a ina ka san marigayi?" in ji Alhaji.

"Ban san shi ba, ranka shi daɗe."

"Sunan shi fa?"

Na dubi kofin silba.

"To kukan na mene ne?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe. Da shi na zo."

Ya daɗe yana kallona. Gefen bakinsa yana rawa, amma gidan makoki ne, ya danne. Ya ce, "Allah shi buɗa, samari. Za mu gani." Gwaggo ta ƙulle mini waina a leda ta cusa mini a hannu, tana cewa in ci, na rame. Haka na fito ta gaban jama'a, ido jajir, da babbar riga da ledar waina. Tsohon nan har ya hau bayan akori-kura, da ya hango ni ya ɗaga hannu: "Allah shi jiƙan baban naka!" Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa.

A tasha Lawwali ya tarbe ni da zumuɗi. "Farfesa, ka ji abin da ya faru? An ce wani ɗan marigayin ya ɓullo daga garinmu, yana ta birgima a ƙasa!"

"Bai yi birgima ba," na ce. "Ja mu tafi."

Ya dubi idona, ya dubi wainar. Sai da ya tsayar da babur a hanya ya sauka ya dafa bishiya, don dariya ba ta bar shi ya riƙe kan babur ɗin ba.

Na iso gida bayan la'asar. Saude na tsakar gida bisa tabarma tana murza ƙuli-ƙuli, wayarta a gefen cinyarta. Ta ce sannu da dawowa, ta kawo mini ruwa, ta koma ta zauna ta ba ni baya. Na ga kafaɗunta suna motsi.

"Gwaggo ta ce a gaishe ka," ta ce, ba ta juyo ba. "Ta ce a tambaye ka, kason naka gonar fadama ce ko ta tudu?"

Sai ta fashe. Ta yi dariya har ta kifa kai a gwiwa, ni ma ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba. Ummi ta fito da gudu ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, don ta daɗe ba ta ji wannan ƙarar a gidan ba. Can Saude ta goge ido da gefen zane, amma hawayen bai tsaya ba, dariyar ce kawai ta tsaya.

"Baban Ummi, kullum ina tambayarka, kullum ba komai. Ashe akwai komai ɗin, tara shi kake ka kai wa mutanen garinmu. Tsohon da bai san ka ba ya riƙe hannunka ka zazzage mashi. Ni da nake gida ɗaya da kai..."

"Kunya nake ji, Saude. Guminki nake ci."

"Da kake koyarwa gumin wa nake ci? Ni rashin aikinka bai gajiyar da ni ba. Bayan da kake juya mani ne. Na zaci ni ce ba ka son gani."

Wallahi wannan fassarar ba ta taɓa zuwa kaina ba, ni da nake koya wa yara cewa kowane lamari yana da fuska fiye da ɗaya. Na cire babbar rigar na zauna kusa da ita. Ta turo mini farantin tunkuza ta ce, "Murza." Na murza wasu abubuwa masu kama da 'ya'yan ƙadangare, ta karɓe tana gyarawa, ina magana tana saurare. Na gaya mata har abin da ban gaya wa tsohon ba. Muna nan har aka fara kiran magariba.

Da na miƙe zan yi alwala na yi ƙarfin hali na ce, "Tafiyar fa, in an gama girbi?"

"Wace tafiya? Da wace fuskar zan shiga Safana yanzu, a riƙa nuna ni ana ga matar magajin marigayi? Ka toshe mani hanya. Sai an manta."

"Yaushe za a manta?"

"Mutanen garinmu?" Ta jefa ƙuli-ƙuli cikin mai, ya yi ƙara. "Ba su mantuwa."

Darasin da na ɗauka bai kai a rubuta shi a allo ba, amma ga shi: in kuka ya taru maka, ka sauke shi a gida, wurin wadda ta san sunan ubanka. In ka ɗauke shi ka kai wani gari, za a nema maka wani uban.

Maganar Alhaji kuwa, "za mu gani" ɗin nan, na riƙe ta da kyau, na yi ta juya ta ina gano alheran da ke cikinta. Da aka yi sadakar arba'in Saude ta goge mini riga, Lawwali ya kai ni har ƙofar ofishin. Masinja ya ce Alhaji tun bara ya yi ritaya.